Ƙanena, jakar Ampiclox ba za ta cece ka ba

Saƙonka ya iso. Ka samu gurbin karatu a Ingila, ƙafarka kuma takan kumbura ta yi zafi, shi ne kake tambaya ko ka cika jaka da Ampiclox tunda nan Ingila ba a sayar da shi sai da takardar likita. Gaskiya ne, kemis ba zai ba ka ba ko ka yi kuka.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da selulaitis: bakteriya ta samu kafa ta faso, ko ƙaiƙayin tsakanin yatsu, ko ɗan yanka, ta bazu ƙarƙashin fata. Sanyin nan da na'urar ɗumama ɗaki suna busar da fata har ta tsage, don haka man kaɗanya ya fi cancantar wuri a jakarka.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Da tawa ƙafar ta kumbura na kira asibitin unguwarmu, tambayar farko ita ce, "Wurin ya yi ja?" Ina jan zai fito a fatata? Na ce a'a, sai aka mayar da ni ƙarshen layi. A fatarmu wurin duhu yake ƙarawa, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi. Ka faɗa musu haka ɓaro-ɓaro, ka ce kumburin yana yaɗuwa, ka ambaci kaluluwa idan ta fito. Kunyar nan tamu ta "da sauƙi" ba ta da kasuwa a nan. Ka ce da sauƙi, sun yarda.

Yawanci maganin kashe bakteriya mai suna flucloxacillin ake bayarwa, sau 4 a rana, kwana 5 zuwa 7. Ka shanye duka. Ka zagaye bakin kumburin da biro, ka ɗaga ƙafar kan matashi. Idan ya tsallake layin, ko kwana 3 ba canji, kira 111, layin neman shawarar lafiya. Zazzaɓi da rawar ɗari, jiri, ruɗewa, numfashi sama-sama? Wataƙila cutar ta shiga jini, kuma tana kisa. Kira 999, layin gaggawa, kai tsaye. Wani sai an tsaga an fitar da mugunya, wani sai allura ta jijiya.

Fam 776 na kowace shekara da za ka biya tare da biza kuɗin lafiyarka ne, don haka ka yi rajista da likitan unguwa a makon da ka sauka. Kafin ka taso kuma, je a gwada maka suga. Kumburin da ke dawowa ba banza ba.