Zaibar da gawayi ya kama tana iya kuɓucewa?

Ka tambaye ni wai tunda gawayin tacewa, wato wanda ake sawa a matata don ya tare tururin zaiba, ya riga ya kama zaiba, in ya cika muka sauke shi me zai hana a zubar kawai ko a cinna masa wuta. Toh ɗana, kar ka kuskura.

Gawayi zalla riƙon sakainar kashi yake wa zaiba, tururin maƙalewa kawai yake a 'yan ƙofofinsa, zafi na ɗan tashi zai sake ta, shi ya sa ake sa masa magani tun daga kamfani. Ni gawayin da aka sa wa farar wuta na fi yarda da shi, don zaibar haɗewa take da farar wutar ta koma HgS, wato asalin sinadarin jan dutsen nan da ake haƙo zaiba a cikinsa, kuma da ƙyar ruwa ke narkar da shi. Wanda aka sa wa sinadarin ayodin da na buromin akwai saurin kamu gaskiya, amma abin da suke haɗawa bai kai wancan taurin kai ba, na ayodin ma in danshi ya yi yawa ruwa wanke maganin yake.

Wuta kuwa ba ruwanta da wane iri ne. Zaiba na tafasa a digiri 357 na Celsius, HgS ɗin ma in ka gasa shi a iska farar wutar ce za ta ƙone zaiba ta tashi, ai haka ake fitar da ita daga dutse, kuma wlh tururin nan ba launi ba wari, kana tsaye kana shaƙa ba ka sani ba sai hannu ya fara rawa dasashi ya kumbura.

Binnewa ma da sauƙin faɗa. In ta samu taɓo mara iska ƙwayoyin cuta na iya juya ta ta zama irin gubar da ta nakasa mutane a Minamata ta Japan, inda aka fara gano cutar a 1956. A Amurka jiƙa sharar ake a ruwa mai ɗan tsami a ɗakin gwaji, in zaibar da ta fito ta kai miligiram 0.2 a lita ɗaya an sa ta a layin shara mai haɗari kenan.

Don haka in mun sauke, sa takunkumi mai tace zaiba, na ƙura ba ya tare ta, zuba a durom ka ɗaure murfi tamau, rubuta abin da ke ciki da kwanan wata, a inuwa inda ruwa ba ya kwanciya, har masu injin gasa shi a rufe don tara zaibar su zo su ɗauka.