Tambaya da Amsa: Mece ce "farish" a ƙauyukan Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma nakan ci karo da kalmar "farish" a tarihin Ingila. Shin ita ce gundumar hakimi a wajenmu?
Wani malami daga Argungu, Jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sun yi kama, amma tushensu daban. Gundumar hakimi daga sarauta ta fito, ita kuwa farish daga coci. Asalinta yankin da coci guda da limaminsa ke kula da shi ne, mazauna yankin suna ba shi kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, abin da za mu kira ushira. Zuwa ƙarni na 12 yawancin iyakokin sun zauna.

Da gwamnati ta ga kowane ƙauye yana da wannan tsari, sai ta riƙa ɗora masa kaya. A 1555 aka ɗora wa farish gyaran hanyoyi: kowane magidanci aikin kwana huɗu a shekara ba lada, daga baya aka mai da shi shida. Aikin dole ne, don haka ana yin sa da ganda, hanyoyi suka ci gaba da lalacewa. A 1601, zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, aka ƙara da ciyar da matalauta daga harajin da ake karɓa hannun masu gidaje da gonaki. Nan ne abin ya yi muni. Tunda kowace farish nata kawai take ciyarwa, dokar 1662 ta ba da damar mayar da baƙon da ake tsoron zai zama nauyi garinsu na asali. Har mace mai ciki akan tsallakar da ita iyaka don kada ta haihu a nan. Wannan rashin tausayi ne, kuma tsarin kuɗin ne ya haife shi.

A 1834 aka haɗa farish da dama a ƙarƙashin hukuma ɗaya don kula da matalauta. Dokar 1894 ta raba aikin coci da na mulki, ƙauye mai mutum 300 ko fiye ya sami zaɓaɓɓiyar majalisa. Yau ayyukan majalisar ƙanana ne: filin wasa, maƙabarta, zauren taro. Ka gaya wa ɗalibanka farish ta fi kusa da ƙasar dagaci, sai dai ba gadon sarauta a cikinta.

TAMBAYA: Me ya sa mutanen Ingila suke iya gano kakanninsu na shekara 400?
Wata ɗaliba daga Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara

AMSA: Rajista ce, 'yar'uwa. A 1538 Tomas Kuromwel, babban ministan Sarki Henri na Takwas, ya umarci kowane coci ya rubuta baftisma (wankan shiga addinin Kirista), aure da jana'iza, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu. Takarda ta riƙa ruɓewa, shi ya sa a 1598 aka ce a kwafe a kan fata. Duk da haka akwai giɓi, musamman lokacin yaƙin basasar shekarun 1640. Ki lura da abu biyu: ranar baftisma aka rubuta, ba ta haihuwa ba, sannan kafin 1752 shekararsu ranar 25 ga Maris take farawa, don haka Fabrairun da aka rubuta 1700 a lissafin yau 1701 ne.