Amsa: Farantin ƙarfe ko na alminiyam a kibod ɗin da mutum ya harhaɗa da kansa

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da kibod ɗin da kake harhaɗawa, farantin ƙarfe ko na alminiyam, kuma ka ce yini kake yi kana buga rubutu. Shawarata ita ce ka ɗauki alminiyam.

Farantin da ke riƙe suwici (ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli) samfurin Cherry MX kaurinsa milimita 1.5 ne, na ƙarfe ne ko na alminiyam, saboda haka bambancin yana cikin tauri da nauyi. Ƙarfe ya ninka alminiyam kusan sau 3 wajen ƙin lanƙwasuwa, haka ma wajen nauyi, domin gutsuren ƙarfe mai nauyin giram 7.8, alminiyam mai girmansa giram 2.7 ne. Idan ka danna maɓalli har ƙasa a kan ƙarfe, babu abin da zai sassauta bugun, duk a kan yatsanka yake ƙarewa, kuma zuwa yamma gaɓoɓinka za su gaya maka. Sautinsa ma siriri ne mai kaifi, wani lokaci da 'yar ƙara kamar ta ƙararrawa, wadda sai an shimfiɗa soso a ƙarƙashi take lafawa.

Alminiyam yana ɗan lanƙwasuwa, sautinsa kuma ya fi cika. Wannan yana da muhimmanci musamman idan kibod ɗinka mai gaskit ne, wato 'yan roba ko soso masu laushi da farantin ke zama a kansu, domin faranti mai tsananin tauri yana cinye laushin da aka sa gaskit ɗin dominsa.

Ƙarfe yana da ranarsa ga mai son kibod mai nauyi wanda ba ya motsi a kan tebur, amma ka tabbatar wanda ba ya tsatsa ne, domin gumin hannu yana shiga tsakanin maɓallai.