Na sayar da sa, mai saye ya bar shi a turkena: wa ke da asara in ya mutu?

Tambaya: Malam, ni mai kiwon turke ne a karkarar Ringim. Wani falke ya taya sana naira miliyan ɗaya, ya ba da dubu 200, ya ce sai ya haɗa mota daga Maigatari ranar Alhamis zai zo ɗauka. Alhamis uku ke nan ban gan shi ba. San na ta cin dusata, jiya kuma ya fara tari. Barci ya gagare ni.

Amsa: Malam, fara kiran likitan dabbobi yau, ka ware san daga sauran, domin ciwon huhu ba ya jiran falke. Sannan ka sanar da mai sayen a gaban shaidu biyu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganar da dillalai suka cika kara, wato kasuwar shanu, da ita, wai "tunda an kafa alƙalami, ciniki ya faɗa." Wane cinikin? Kullum sai an zo mana da wannan rigima. Dubu 200 ɗin nan ba su faɗi ranar ɗauka ba, ba su faɗi mai ciyarwa ba, balle wanda zai ɗauki asara. Dillali ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa, ranar da sa ya faɗi wayarsa a kashe take. Shi ne kuma zai raɗa maka cewa in falke ya fasa, kuɗin sun zama naka. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, ba a yarda da sharaɗin cinye kafin alƙalami ba: in an fasa, kuɗi su koma wa mai su. Shi falken kuma an gaya masa dabba muddin tana turken mai ita, ba ruwansa. Wannan ma ba haka yake kai tsaye ba, domin a ƙa'ida dabbar da aka nuna aka sallama ta shiga lamunin mai saye tun daga lokacin sallamawa, ko da ta kwana a gidanka. Kowa da abin da aka raɗa masa, babu ko layi ɗaya a takarda, kun ga an shirya faɗa.

Gyaran shi ne a raba abu biyu. Ciniki daban: a biya, mai saye ya kama igiya a gaban shaidu. Ajiya daban: ya damƙa maka amana, ba ka biya sai in ka yi sakaci. A rubuta launin sa, haƙoransa, tsagar kunne, a shafa masa fenti, a ɗauki hoto. A sa ranar ɗauka da kwanan wata, "bayan kasuwa" ba rana ba ce. A yanka kuɗin dusa, harawa da ruwa na kowace rana, da wanda zai biya magani. A kuma rubuta izinin yankawa a sayar wa mahauci in san ya tasam ma mutuwa, kada a tsaya neman mai shi a waya har ya zama mushe.

Naka ya riga ya wuce nan. Je wurin mai unguwa ko sarkin kara tare da dillalin, a yanka wa falken wa'adi, a lissafa cin mako ukun nan. In wa'adin ya cika bai zo ba, kada ka yi gaban kanka ka sayar da san, kai ƙara gaban alƙali.