Tirelar kamfani ta kashe yayana, sun aiko da kuɗi da takarda wai mu sa hannu

Barista barka da aiki. Wata biyar kenan da tirelar wani kamfani ta take yayana yana kan babur ɗinsa zai dawo daga aiki, nan take rai ya yi halinsa. Ya bar mata da yara huɗu, babbar shekararta 11, ga mahaifiyarmu da shi ke ɗauke da ita. An kama direban amma ko sati bai yi ba aka ba da belinsa, shari'ar kuma kullum sai ɗagewa, ni dai na san an saye maganar. Satin da ya wuce manajan kamfanin ya aiko da wasu kuɗi da takarda wai mu sa hannu a rufe zance. Kawunmu yana cewa a karɓa a yafe tunda ƙaddara ce, ni kuma na ce ko sisi ba za mu taɓa ba sai an ɗaure direban kotu ta yanke musu diyya. Tunda ni ne babban namiji yanzu ina so in shigar da ƙara da sunana. Me doka ta ce?

Allah ya jiƙan yayanka da rahama, ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Malam, kafin komai, takardar nan kada kowa ya sa mata hannu tukuna. Kai, kawu, ballantana matar marigayin. Ku ɗauki hotonta a waya ku mayar musu da abarsu cikin mutunci ku ce za ku yi shawara. Ban ganta ba, to ba zan ce ga abin da ke ciki ba, amma irin waɗannan takardun yawanci akwai wani layi can ƙasa da ke cewa kuɗin da aka karɓa su ne biyan ƙarshe kuma iyali sun janye duk wata ƙara ta yanzu da ta gaba, kuma wannan layin shi ne abin da suka zo saye, sauran duk gaisuwa ce. Sannan ba ka faɗa min ƙasa ko jihar da abin ya faru ba, dokar kuma tana bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka abin da zan faɗa maka tsarin gaba ɗaya ne, dole wani lauya na kusa da ku ya zauna da takardun ya gani da idonsa.

Yanzu inda nake ganin ka ɗan haɗa abubuwa. Kana jiran kotun da ke shari'ar direban ta ɗaure shi sannan ta ba ku diyya, alhali hanyar jirgi daban ta mota daban. Shari'ar da ake yi yanzu ta laifi ce, tsakanin hukuma da direba, ku 'yan shaida ne kawai a cikinta, ba ku kuka shigar ba kuma ba ku ke da ikon janyewa ba. Abin da take nema shi ne hukunci, ɗauri ko tara. A wasu wuraren alƙali na iya haɗawa da umarnin a biya wani abu, amma direba ake cewa ya biya, kuma ka san abin da ke aljihun direban tirela. Neman diyya ƙara ce ta daban da iyali ke shigarwa da kansu a kotun farar hula, kuma a nan ne ake jawo kamfanin da kamfanin inshorarsu, wato inda kuɗin suke. Ba sai waccan ta ƙare ba ake fara wannan. Kai ko da an sallami direban ma ba lallai ne ƙararku ta mutu ba, saboda ma'aunin hujjar ba ɗaya ba ne, a shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, a ta diyya kuwa ya isa a nuna cewa maganarku ta fi tasu rinjaye. Misalin da kowane ɗalibin lauya ya sani shi ne na O.J. Simpson a Amurka, an wanke shi daga laifin kisan mutum biyu a 1995, amma a 1997 kotun farar hula ta ɗora masa alhakin mutuwar mutanen biyu ta yanke dala miliyan 33.5. Ka riƙe wannan misalin, zan dawo kansa.

Maganar beli kuma, don Allah ka daina faɗa a bainar jama'a cewa an saye shari'a sai in kana da hujja a hannu. Kisan da ya faru ta tuƙin ganganci laifi ne da aka saba ba da beli a kansa, ɗage zama kuma abincin kotu ne na kullum. Ban ce ba a yin maguɗi ba, na ce dai abin da ka lissafa bai nuna shi ba, kuma bana son ka tashi daga mai neman haƙƙi ka koma wanda ake tuhuma da ɓata suna.

Abu na biyu shi ne wanda na san ba zai maka daɗi ba. Haƙƙin nan, a mafi yawan dokoki, ba naka ba ne. Kasancewarka babban namiji yana da nauyinsa a cikin gida, amma kotu tambaya ɗaya take yi: wa ya dogara da marigayin, wa mutuwarsa ta yanke wa abinci da kuɗin makaranta da magani? Asalin wannan dokar daga Ingila ne. A 1808 wani alƙali, Lord Ellenborough, ya yanke cewa mutuwar mutum ba abin da za a kawo ƙararsa ba ne a kotun farar hula, har ta kai in ka kashe mutum ya fi maka sauƙi a aljihu da ka karya masa ƙafa. Sai a 1846, lokacin da haɗurran jirgin ƙasa suka yi yawa, majalisarsu ta yi dokar da ta ba mata ko miji da iyaye da 'ya'ya damar neman abin da suka rasa, kuma ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, har da Najeriya, kusan duk a kan wannan turbar suka gina tasu. To a lissafinka masu haƙƙin su ne matarsa, yaran huɗu da mahaifiyarku. Wasu dokokin sun sa ɗan'uwa a jerin, amma ko a nan sai ka nuna cewa kai ma yana ɗauke da kai. Ƙarar ma yawanci guda ɗaya ake yarda a shigar a madadin kowa da kowa, ta hannun wanda kotu ta ba takardar kula da dukiyar mamaci, in babu shi masu haƙƙin su shigar da sunansu. Zai iya yiwuwa iyali su amince kai ka zama wannan wakilin, babu laifi, amma ka sani riƙon amana ne, kuɗin ba za su zama naka ba kuma shawarar ƙin karɓa ba taka ba ce kai kaɗai.

Wannan ita ce amsar kawu ma. Idan ta fuskar shari'ar Musulunci yake kallon abin, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ambaci diyyar kisan kuskure ana miƙa ta ga iyalan mamaci sai in su ne suka yafe, malamai kuma sun ƙiyasta ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, ana raba ta kamar gado. Baligi na iya yafe kasonsa, Allah ya ba shi lada. Amma kason maraya ɗan shekara 11 ko ƙasa da haka ba kayan kawu ba ne da zai yi kyauta da shi. Imani da ƙaddara bai hana a biya marayu haƙƙinsu ba. A kotunan zamani ma a wurare da yawa duk sulhun da ya shafi kuɗin ƙananan yara sai alƙali ya duba ya amince kafin ya zauna. Kai ka ce ba za a taɓa ko sisi ba, kawu ya ce a yafe, ni kuma a duk wasiƙar ban ji abin da uwar yaran ta ce ba, kuma ita ce ya kamata a fara tambaya.

Ko da an je kotu ba a cewa tunda an mutu sai a biya. Sai an nuna direban ya yi sakaci, sakacin ne ya jawo mutuwar, kuma yana kan aikin kamfanin a lokacin, don ta nan ne alhaki ke hawa kan ubangidansa. Ka sa ran za su ce ba ma'aikacinsu ba ne ɗan kwangila ne, ko ya ɗauki motar ba da izini ba, ko yayanka ne ya shigo hannunsu, ko bai sa hular kwano ba. Ba na cewa haka ne, ina faɗa maka abin da lauyansu zai tashi ya faɗa a gaban mahaifiyarku. A tsarin da Ingila ta koma tun 1945, wanda wurare da yawa ke bi, in aka samu marigayin da wani kaso na laifi ba a korar ƙarar, rage kuɗin ake yi daidai kason.

Lissafin kuɗin ma yana ba mutane mamaki. Kotu ba ta sa wa rai farashi. Abin da take yi shi ne ta ɗauki abin da yake samu a shekara, ta cire abin da yake kashewa a kansa, ta ninka ragowar da wasu shekaru gwargwadon shekarunsa da na yaran, ta ƙara kuɗin asibiti da na binnewa in akwai shaida. Baƙin ciki kansa abin da ake biya a kai kaɗan ne ko ma babu, a Ingila ƙayyadadden kuɗi ne, fam 15,120 tun 2020, kuma ɗan'uwa baya cikin masu samu. Shi ya sa takarda ta fi kuka amfani a wannan harkar. Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa zuwa ofishina da leda baƙa a ƙulle, ciki rasit ne na kuɗin makarantar yara na shekara uku da wani ƙaramin littafi da mijin ke rubuta abin da ya samu kullum da biro, wasu shafukan har ruwa ya taɓa su. Tana ta ba ni haƙuri wai tarkace ta kawo min. Da wannan littafin muka zauna da mutanen inshora, kuma shi ne ya hana su cewa mutumin bashi da wani takamaiman samu.

Sai lokaci, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba da ka ce wata biyar. Irin wannan ƙarar tana da wa'adi, in ya wuce yawanci ya wuce komai ƙarfin hujjarku. A Ingila shekara 3 ne, a jihohin Kalifoniya da New York na Amurka shekara 2, a Najeriya kuma in wanda za a kai ƙara jami'in gwamnati ne ko hukuma akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta sa wata 3 kacal, duk da kotuna sun fitar da wasu togaciya. Kun ce kamfani ne, to da alama wannan bai shafe ku ba, amma a tabbatar da waye ainihin mai motar a takarda, don sunan da ke jikin tirela ba kullum ne na mai ita ba. A mafi yawan wurare jiran shari'ar direba baya tsayar da wannan agogon, zaman sulhu ma baya tsayar da shi, kuma na sha ganin kamfani yana ta jan mutane da za mu duba, manaja ya yi tafiya, har wa'adi ya cika sannan a daina ɗaga waya.

Gaskiya yadda kamfanin nan ya yi bai burge ni ba. Wata biyar shiru sannan a aiko da ambulan da takarda gidan da ake makoki, ba lissafi, ba maganar inshora, ba a ce ku nemi lauya ba. Motar kasuwa irin wannan kusan ko'ina doka ta wajabta mata inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, to me ya hana su faɗi sunan kamfanin inshorar? Amma duk da haka shawarata sulhu ce, in dai za a yi shi da ido buɗe. Ka tuna dala miliyan 33.5 ɗin can, iyalan ɗan kaɗan suka iya karɓa a cikinsu duk tsawon shekarun da suka yi suna bi. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Shari'a na iya cin shekaru, a ɗaukaka ƙara ta ƙara cin wasu, a kai gwauro a kai mari, yarinyar nan mai shekara 11 ta isa shiga jami'a ba a ga komai ba. Kuma aiko da kuɗin da suka yi, duk da ba amsa laifi ba ne a doka, yana nuna suna son maganar ta mutu, wannan kuwa abin ciniki ne a hannunku.

Yadda aka saba yi, lauyanku ya rubuta wa kamfanin da masu inshorarsu wasiƙar neman diyya da lissafi a jiki, ya ba su kwanaki, in sun amsa a zauna, ko a gaban mai shiga tsakani ko cibiyar sasanci ta kotu inda ake da ita, in sun yi kunnen uwar shegu a shigar da ƙara kafin wa'adi, sulhun ana iya ci gaba da shi ko ƙara tana gaban alƙali. Duk abin da aka cimma a rubuta, a fayyace kason kowa, na yara a sa a asusun da ba mai taɓawa sai don buƙatarsu, kuma kada a yarda a saka sharaɗin cewa za ku hana shari'ar laifi tafiya, wannan ba hurumin ku ba ne. Ku yi maganar kuɗin lauya tun farko a rubuce, kaso ne ko biya ne. Sannan tunda daga aiki yake dawowa, a tambayi wajen aikinsa, a Najeriya misali dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi wasu haɗurran hanya tsakanin gida da wurin aiki in ma'aikaci ne na wani.

Rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗari, takardar shaidar mutuwa, lambar motar, sunaye da lambobin waɗanda suka gani, waɗannan ka san dole ne, ka fara tattarawa a satin nan don shaidu watsewa suke yi. Babur ɗin kada a gyara shi kada a sayar, a ɗauke shi hoto ta kowane gefe. Wayar marigayin kuma a hannun wa take? Kada a goge komai a ciki kada a ba wani layin, saƙonnin banki da ke nuna abin da ke shigo masa da abin da yake tura wa mahaifiyarku duk wata suna nan, kuma su lauyan zai fara tambaya.