Inabin kwalba da inabin kwando: amsa ga masu son dasa inabi a Jos

Tun da labarin noman inabi a Kudan da Hunkuyi na Jihar Kaduna ya bazu, tambayar inabi ta yi mini yawa. Na zaɓi biyar daga cikin waɗanda suka iso, kuma kusan dukkansu abu ɗaya ke damunsu: sunan iri.

Wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya a Bukuru, ya ce ɗansa ya turo masa sunaye huɗu, Cabernet Sauvignon, Merlot, Chardonnay da Pinot Noir, wai su ne inabin da suka fi suna a duniya. Yana da fili a bayan gida, yana so ya riƙa tsinka wa jikoki, in ya yi yawa ya kai kasuwar Farin Gada. Wanne zai dasa?

Baba, yaron bai yi ƙarya ba, sun yi suna. Amma a jikin kwalba suka yi sunan. Duka huɗun inabin matsa ne, waɗanda ake yin giyar inabi da su, kuma ba su ne kake gani cikin leda a kanti ba. Da za a ɗora maka ƙwayar Cabernet a tafin hannu, da ƙyar ta wuce girman magarya. Ɓawonta kauri gare shi, cikinta ruwa ne da 'ya'ya, in ka tauna ɓawon sai bauri ya kama maka harshe kamar ka ci kanyar da ba ta nuna ba. Masu matsa wannan suke so, domin launi da bauri da yawancin ƙamshin a ɓawo suke. Ka matse jan inabi tsakanin yatsunka ka gani, ruwan da zai fito fari ne, sai ya jiƙa da ɓawon yake yin ja. Shi kuwa inabin ci, irin su Red Globe da Crimson Seedless, an zaɓe shi ne don girma da tsoka da jure tafiya. Red Globe kan kai girman ɗinya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne na matsar ya fi zaƙi: ana tsinkarsa sukarinsa ya kai kashi 22 zuwa 25 cikin ɗari, na ci kuwa kashi 16 zuwa 19 ya wadatar. Sai dai mai saye a kasuwa da ido yake fara ciniki, ba zai bar manya ya ɗauki ƙanana masu 'ya'ya ba. Don jikoki da kasuwa, nemi na ci.

Wata 'yar'uwa daga Rayfield ta ce ita ba sana'a za ta yi ba, sha'awa ce kawai. Tana son ta san waɗannan ire-iren, ta dasa gindi biyu ko uku ta ga halinsu.

Wannan tambaya ta yi mini daɗi, domin inabi dangi ne da su kamar mutane, in kika san asalinsu sai sunayen su daina rikita ki. Cabernet Sauvignon ɗan yankin Bodo ne a Faransa, kuma a 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa iyayensa Cabernet Franc ne da Sauvignon Blanc, wato baƙi da fari suka haife shi. Yana da jinkirin nuna, amma kaurin ɓawonsa na kare shi daga ruɓa. Chardonnay da Pinot Noir 'yan yankin Bagandi ne, shi ma a Faransa. Pinot Noir shagwaɓaɓɓe ne, ɓawonsa siriri, 'ya'yansa a cushe, zafi na dafa shi, danshi na ruɓar da shi, ba na ba kowa shawarar farawa da shi a nan. Syrah da Shiraz iri ɗaya ne, Faransawa ke kiransa da na farko, mutanen Ostireliya da na biyu, kuma yana son rana. A nahiyarmu akwai Pinotage, wanda Abraham Perold ya samar a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a shekarun 1920, ta hanyar haɗa Pinot Noir da Cinsaut.

In gindi biyu za ki dasa, ɗaya ya zama Muscat. Shi ne inabin da ko idonki a rufe za ki gane shi, ƙamshinsa kamar na fure. Muscat na Iskandariyya ana cinsa ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi, ana kuma matsa shi. Ki ɗaura wa kowane gindi alama da sunansa tun ranar dashe, ki riƙa rubuta ranar da ya toho da ranar da ya fara launi. Shekara biyu kina haka, za ki fi mai karatun littafi sanin su.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi. Wani manomin dankalin Turawa daga wajen Vom ya ce tunda Jos na da sanyi kamar Turai, ai inabin Turai zai yi. Yana tunanin ware rabin kadada.

Ɗan'uwa, nan mutane da yawa ke zamewa. Sanyinmu na Disamba da Janairu bai kai ya sa kurangar inabi ta kwanta barci na watanni kamar yadda take yi a Faransa ba. Kuma rashin barcin ba shi ne damuwar ba. Ana noman inabi a kwarin kogin São Francisco na Birazil, inda zafi ya fi namu, har su girbe sau biyu a shekara. Ana yi a Nashik ta Indiya. Ana yi a Dodoma ta Tanzaniya, wadda tsayinta bai yi nisa da na Jos ba, su mita dubu ɗaya da ɗari ɗaya, mu wajen dubu ɗaya da ɗari biyu. Abin da ya raba mu da Dodoma shi ne ruwan sama. Su ba su cika wuce milimita 600 a shekara ba, mu kuwa muna samun wajen 1,400, tun daga Afrilu har Oktoba. Maƙiyin inabi a Filato damina ce.

Na taɓa shiga wani lambun inabi a watan Agusta, mai shi ya kira ni wai ganyen na ƙonewa. A saman ganyen akwai ɗige-ɗige rawaya kamar an ɗiga man gyaɗa a takarda. Da na juya bayansa sai ga farar funfuna a shimfiɗe kamar audugar rimi. Ƙananan nonnan da suka fito duk sun yi baƙi sun bushe. Ya yi wa kurangar aski, wato ya datse rassanta, a watan Yuni, furen ya faɗo a tsakiyar marka. Na ji ciwon abin, don mutumin ya kashe kuɗi a kan rumfa da waya, kuma babu wanda ya gaya masa lokaci. Kai da ka san ciwon da ke ƙone ganyen dankali a damina, wannan ɗan'uwansa ne, kuma yanayi ɗaya suke so: ganye jiƙe, sama a lulluɓe. Magungunan da ka saba da su, mankozeb da Ridomil da masu sinadarin jan ƙarfe, su ne dai ake fesa wa inabi. Shi haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa ma, a gonakin inabin Bodo aka gano shi a shekarun 1880.

Dabarar ƙasashen zafi ita ce almakashi ya yi aikin da sanyi ke yi a Turai. A Nashik aski biyu suke yi, girbi ɗaya: a Afrilu su datse rassan ƙasa-ƙasa don kurangar ta yi sababbi, a Oktoba su sake datsewa don ta yi fure. Tsarin ya dace da mu ƙwarai. Ka yi askin 'ya'ya da ɗaukewar ruwa, farkon Oktoba, furen ya fito sama ta washe, 'ya'yan su nuna cikin hunturu, ka girbe bayan wata huɗu zuwa biyar. A nan ne sanyin Jos zai yi maka rana, domin rana mai haske da dare mai sanyi su ke sa inabi ya yi launi, ya riƙe ɗan tsaminsa. Amma ka ga ke nan dukkan rainon 'ya'yan a rani zai kasance, dole ka sami ruwan ban-ruwa tabbatacce, rijiya ko ɗaya daga cikin tafkunan da haƙar kuza ta bari. A rani kuma wata funfunar ce ke zuwa, mai kama da toka a kan ganye da 'ya'ya, maganinta farar wuta. Ka zaɓi tudu mai tsakuwa wanda ruwa ba ya kwanciya, ka guji fadama. Tazarar mita 3 tsakanin layi, mita 2 tsakanin gindi. Ka yi shirin gara, ka tanadi raga saboda tsuntsaye, kuma ka tabbata ka gama girbi kafin ruwan farko, wanda a nan yakan zo da ƙanƙara.

Cikin na matsa, Shiraz da Chenin Blanc ne suka nuna suna iya zama a ƙasar zafi. Amma kada ka dasa rabin kadada sai ka san wanda zai saya, don inabin matsa ba ya jiran ciniki, da an tsinke shi sai matsa. Fara da gindi 20, iri uku ko huɗu, ka ba su shekara uku.

Wani matashi daga Angwan Rogo ya tara 'ya'yan da ke cikin ƙwayoyin inabin da ya saya a kanti, yana tambaya ko ya shuka. Kada ka ɓata lokacinka. Abin da zai fito ba zai ɗauko uwarsa ba, kamar dai ƙwallon mangwaro mai aure. Da reshe ake yaɗa inabi: wanda ya ƙosa ya yi launin ruwan ƙasa, kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, daga kurangar da ka ga 'ya'yanta da idonka. Mai sayar da dashe in ya ce maka "inabi ne dai", bai san sunan irin ba, ka nemi ya kai ka wurin uwar.

Ta ƙarshe daga wani Alhaji ce mai gona a Kuje, wajen Abuja. Ya ce shi ba ruwansa da giya, yana son abin da zai yi lemo da zabibi.

Ranka ya daɗe, hanyarka a buɗe take. Don lemo, nemi Bangalore Blue ko Isabella. Suna da jinin inabin Amurka, shi ya sa suka fi na Turai jure funfuna, ruwansu kuma na da launi da ƙamshi mai ƙarfi. A Abuja, inda zafi da danshi suka fi na Jos, wannan juriyar ita ce abin dubawa kafin komai. Zabibi kuwa yawancinsa daga Thompson Seedless ake yi, wanda ake kira Sultana, kuma iskar hunturu mashanya ce ta kyauta. Sai dai ka gargaɗi mai yi maka aski: idanun da ke kusa da gindin reshen Thompson ba su cika haihuwa ba, dole a bar reshen da tsawo. Kada kuma ka bi launi wajen girbi, don inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Ka ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasan nonon, in irin mai 'ya'ya ne ka duba ko sun koma ruwan ƙasa, sannan ka sa wuƙa da sassafe bayan raɓa ta bushe.