Amsa kan buhun shinkafar da nauyinsa bai cika ba

Malam, ka tambaya inda za ka kai ƙara kan buhun shinkafar da ka saya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, wanda aka rubuta kilo 5 a jikinsa amma sikeli ya nuna bai kai ba. Batun awo da sikeli yana hannun Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, wato GSA. Ƙarya kan abin da ke cikin abinci kuwa, kamar a rubuta babu sukari alhali akwai, aikin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ne, wato FDA, domin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta haramta yi wa abinci lakabin da zai yaudari mai saye, kuma hukumar tana da ikon janye irin wannan kaya daga kasuwa.

Shawarata, kada ka kwance ɗinkin buhun, domin da zarar an buɗe shi mai shago zai ce a gidanka aka ɗiba. Ka riƙe rasit, ka ɗauki hoton lakabin yadda sunan kamfani da lambar rajista za su fito sarai, sannan ka sake aunawa a wani sikelin, don na kasuwa ma yakan yi ha'inci. Dukkan hukumomin biyu suna da ofis a nan Kumasi.